Neman shawara: 'yar shukar dutse tana ruɓe mini a Ɗa'ifa

Assalamu alaikum 'yan uwa. A Ɗa'ifa nake zaune, kuma akwai wani lungu a tsakar gidanmu da na jera duwatsu na yi ɗan lambu. Farkon hunturu na sayo wata 'yar shuka a mashtal, wato wurin sayar da shuke-shuke, Sempervivum sunanta, ganyenta masu kauri ne a zagaye kamar ƙaramin kabeji. Duk lokacin sanyi lafiya lau take, har ta kewaye kanta da 'ya'ya. Da zafi ya shigo sai babbar ta tsakiya ta miƙe, ta fitar da kara da fure ja-ja, yanzu bushewa take. Wasu biyu kuma gindinsu ya yi baƙi ya yi laushi, da an taɓa ganyen sai ya zube. Kullum da yamma ake ba su ruwa tare da sauran shuke-shuken gidan. Ga ƙanwata a Jidda ta matsa in aika mata 'ya'yan ta dasa a baranda. Don Allah masu sani ku agaza mini, ina son shukar nan ƙwarai.

Wata daga Abha:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ta farkon kada ta dame ki, halittarta ke nan. Kowace uwa sau ɗaya take fure, daga nan sai ta mutu ta bar 'ya'yan. Idan karan ya bushe ki cire shi tare da uwar, ki cike ramin da tsakuwa. 'Ya'yan ne za su rufe wurin.

Wani mai aikin lambu a Hada, kusa da Ɗa'ifa:
Hajiya, ruɓewar nan ita ce abin gaggawa, kuma ruwa ne ya kawo ta. Asalin shukar nan tsaunukan Turai ne, irin su Alps da Pyrenees, a tsagar dutse take fitowa inda ruwan sama ke wucewa nan take. Saiwarta ba ta saba kwana cikin laima ba. Baƙar ƙasar buhu da ake zuba mata a mashtal kuwa riƙe ruwa take, idan ta haɗu da zafi sai gindi ya dahu.

Yau ɗin nan ki tone waɗanda suka yi baƙi ki zubar. Duk ɗan da yake da tauri a jikinsu ki yanke shi, ki ajiye a inuwa kwana biyu bakin yankan ya bushe. Sai ki haɗa kashi biyu na ƙananan tsakuwa ko yashi mai kauri da kashi ɗaya na ƙasa. Ki dasa a ɗan karkace tsakanin duwatsun, don kada ruwa ya taru a tsakiyar ganyen, sannan ki tura tsakuwa ƙarƙashin wuyanta har ganyen ƙasa ya daina taɓa ƙasa. Wannan tsakuwar ta wuya mutane ke rainawa, alhali ita ce ke tsare shukar.

Ki ware ta daga layin ban-ruwan gidan. Sai kin sa yatsa kin ji ƙasar ta bushe ƙayau, ki ba ta da sassafe, a gindi. Ɗa'ifa ta haura mita 1,800, sanyin darenta yana taimakonki, amma ranar la'asar ta Yuli da Agusta tana gasa dutse sosai. In da hali ki mayar da ita gefen da take samun hantsi kaɗai.

Wata daga Jidda:
Yaya, ki ba ƙanwar taki haƙuri. A nan zafi da gumin teku suke haɗuwa, ko da dare iskar ba ta sanyi, shukar kuma tana buƙatar sanyin dare. A baranda da wuya ta kai ƙarshen bazara. In lambun duwatsu take so, ta nemi alobera ko ƙariya, wadda ake sayarwa da sunan wardus sahra. Ta dai kula da yara, ƙaron ƙariya guba ne.

Wani daga Makka:
Ai za ta iya ajiyewa a ɗaki mai esi, kusa da taga.

Mai aikin lambu a Hada:
Za ta rayu, Malam, amma sai ta zanƙale tana neman haske, ganyen ya buɗe, jan bakinsa ya koma kore fayau. Ni ban ba da wannan shawarar ba.

Mai tambaya:
Allah Ya saka muku da alheri. Na tone su, 'ya'yan da suka tsira suna inuwa. Baba mai lambu, in na dasa in sa musu taki don su yi saurin kamawa?

Mai aikin lambu a Hada:
A'a 'yata, taki laushi yake sa mata, ruɓewa ta fi saurin kama ta. Ki dasa a busasshiyar ƙasa, ki bari sai bayan kamar mako guda kafin ruwan farko. Idan kuma kin ga farin gishiri yana fitowa a kan ƙasar, ruwan rijiya ne ya kawo shi, sai ki riƙa ba ta irin wanda kuke sha a gida.