Ina son labaran kimiyya amma ina ɓoyewa, ko in fito fili?

Aminu, Jekadafari:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ni malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare a nan Gombe, kuma tun ina ɗalibi nake karanta ƙagaggun labaran kimiyya, irin waɗanda ake tafiya wasu duniyoyi ko kuma mutum-mutumi ya yi tunani kamar ɗan Adam. Sau ɗaya na taɓa ɗauko zancen a majalisarmu, sai wani abokina ya ce babba da ni ina karanta tatsuniyar Turawa, daga ranar kuwa na ja bakina na yi shiru. Yanzu shugaban makarantarmu ya ce kowane malami ya kawo ƙungiyar ɗaliban da zai jagoranta. Raina yana kan ƙungiyar karanta irin waɗannan labarai, amma ina tsoron kada girmana ya zube a gaban abokan aiki da iyayen yara. Me kuke gani?

Malam Buba, Bolari:
Wa alaikumus salam, ɗana. Wanda ya ce abin na Turawa ne kaɗai bai san Tauraruwa Mai Wutsiya ba, littafin Umaru Dembo da ya fito a 1969, shekarar da 'yan sama jannatin Amurka suka sauka a kan wata. Da Hausa aka rubuta shi, kuma labarin yaro ne da ya yi tafiya zuwa sararin samaniya. Mun karanta shi muna samari, ba wanda ya raina mu. Ka fara da shi, za ka ga iyayen da kake tsoro su ne za su tuna da shi.

Hajara, Tudun Wada:
Malam Aminu, ni ma na daɗe ina ɓoyewa. Ma'aikaciyar jinya ce ni, kuma wata rana ina aikin dare na manta wani littafi mai suna Binti a kan tebur, wanda Nnedi Okorafor, marubuciya 'yar asalin Najeriya, ta ci Hugo da Nebula, manyan kyaututtukan ƙagaggun labaran kimiyya, da shi a 2016. Babbar da ke sama da ni, wadda ko gaisuwa a tsorace nake yi mata, ita ta tsince shi. Na ɗauka faɗa za ta yi, sai ta tambaye ni ko zan ara mata, ashe ta fi ni nisa a wannan karatu. Yau mu huɗu ne muke musayar littattafai, kuma lokacin da mahaifina ya kwanta rashin lafiya, su ne suka riƙa karɓar mini aiki suna kawo mana abinci. Da ban manta littafin nan ba, da har yanzu gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Malam Usman, Pantami:
Ina goyon baya, amma da sharaɗi. Wasu daga cikin littattafan nan suna ɗauke da abubuwan da suka saɓa wa addininmu da tarbiyyarmu, don haka kada ka miƙa wa yaro abin da ba ka karanta da kanka ba. Sannan ka haɗa labarin da darasinka: hasken rana yana ɗaukar minti takwas da 'yan daƙiƙu kafin ya iso gare mu, ka sa su lissafa nisan da kansu. Uban da ya ga haka ba zai ce wasa kake yi ba.

Aminu, Jekadafari:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Ranar Litinin zan miƙa wa shugaban makaranta takardar kafa ƙungiyar, in sha Allah. Baba Malam Buba, idan har yanzu kana da kwafin littafin, ina roƙon ka ba ni aro, zan zo Bolari da kaina in karɓa.