Ginin ƙasa ko na bulo: wanne ya fi cin muhalli a Kano?

Injiniya: Salamu alaikum. Jiya a wurin ɗaurin aure na faɗi wata magana aka yi mini ca, to bari in maimaita ta a nan: duk gidan bulo da muke tayarwa a Kano bashi muke ciyo wa jikokinmu. Siminti kaɗai yana fitar da kusan kashi 8 cikin ɗari na iskar carbon dioxide da ɗan Adam ke fitarwa, wadda ke ɗumama duniya. Sai an gasa dutsen farar ƙasa a wuta mai zafin digiri 1,450, kuma fiye da rabin iskar daga jikin dutsen take fita, ba daga makamashin ba. Ga shi ba a nan ake yin sa ba. Daga Obajana ta Kogi ake ɗauko shi, tafiyar sama da kilomita 600, ko Ashaka ta Gombe, ko Kalambaina ta Sakkwato. Kakanninmu kuwa a bayan gida suke haƙar ƙasarsu. Mu koma ginin ƙasa kawai.

Hajiya: Wa alaikumus salam. Injiniya, kai a takarda ka san ginin ƙasa, ni a cikinsa na girma a Gwale. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai Baba ya nemo kuɗin yaɓe. Shekarar da bai samu ba, cikin watan Agusta da tsakar dare muka ji rim! Katangar ɗakin girki ta zauna a kan tukwanen Inna da akuyarta. Allah ne ya tsare ba kowa a ciki. Ba na komawa.

Kawu magini: Hajiya, Allah ya kyauta, amma ba laifin ƙasa ba ne. Je ki Gidan Makama ki taɓa bango, tun zamanin Sarki Rumfa ake maganarsa. A da sai an kwaɓa ƙasa da ciyawa, a bar ta ta kwana ta tsima, a dunƙula tubali da hannu, ya bushe sarai kafin a jera. A shafe da makuba, a sa indararo mai tsawo ya watsa ruwa nesa da gindin gini. Yanzu fa? Mutum ya yi ginin ƙasa ya lafta masa filastar siminti, danshi ya shiga ya rasa mafita, bangon ya ruɓe ta ciki. Kuma ku faɗi gaskiya, a watan Afrilu wa ke iya barcin rana a ɗakin bulo mai rufin kwano in an ɗauke wuta? A soro kuwa har mayafi za ka nema.

Direba: Ni dai tifa nake ja, bari in sa baki. Injiniya, ranka ya daɗe, kana ta hangen tirelar Obajana ka manta da abin da ke gabanka. Tirela ɗaya buhu 600 take kawowa, ta wadaci gidaje. Amma kowane buhu sai ya ci yashi ninkin ba ninkin, kuma yashin nan daga kogunanmu muke kwasowa, su Challawa da wajen Wudil. Wurin da na fara lodi ina yaron mota, yau gaɓar ta zabge, ta cinye gonar wani dattijo har da bishiyar mangwaronsa. Ina gani, ina kuma lodawa, don da shi nake ciyar da yara.

Injiniya: Ai ka ƙarfafa maganata ke nan.

Direba: A'a, tsaya. In aka koma ƙasa ma ni za ku kira. Ina filin haƙa ya rage a cikin gari? Daga bayan gari zan ɗauko, gas ɗin da zan ƙona ɗaya ne.

Malama: Abin da nake jira a faɗa ke nan. Kududdufan cikin Birni daga sama suka faɗo? Ramukan da aka haƙi ƙasar gini ne. Sun yi mana rana, don su ke shanye ruwan sama, amma sun tara sauro, sun kuma ci yara. Yanzu an cike da yawansu da shara an yi gini a kai, shi ya sa ruwan awa ɗaya ke shiga ɗakunan mutane. Badala ma da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, masu ɗibar ƙasa na cikin waɗanda suka cinye ta. Sai azara: giginya nawa za a sare a rufa wa miliyoyin mutane ɗaki, bishiyar da ke shekaru kafin ta isa sara?

Injiniya: Na karɓi gyara a kan azara da ramuka. Amma akwai tsaka-tsaki: bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji, a ɗan barbaɗa masa siminti. Harsashi a yi na kankare don danshi, sama a yi da shi. Simintin da za a ci ya ragu sosai, ɗaki ya yi sanyi.

Hajiya: To Alhamdu lillahi. Amma gidanka na Kabuga da muka je walima, da me aka yi shi? Har tayil na gani a katangar waje.

Injiniya: Hajiya, wannan zaɓin uwargida ne.

Kawu magini: Shagon da ka ce za ka ƙara a ƙofar gida fa? Ba ni shi bayan damina in yi maka da jar ƙasar, mu ga ko za ka sami ɗan haya.