Me za mu kira "damage model" a wasannin tseren mota? Gobe zan ɗauki shiri

Mai Shirin Fasaha: Assalamu alaikum. Jama'a a taimaka, gobe da la'asar zan shiga ɗaukar shiri, kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya. Shirin a kan wasannin tseren mota ne na kwamfuta da PlayStation, yadda mota ke lalacewa idan ta yi karo a cikin wasan. Turawa na ce wa abin "damage model". Ba hoton motar da ta yi hatsari ake nufi ba, lissafin da ke can ciki ne, wanda ke yanke cewa in ka daki bango da gudu kaza ta hagu, ga inda zai lotse, ga abin da zai karye, ga yadda sitiyari zai koma ja gefe. Misalina Gran Turismo: ya fito a 1997, ka daki bango iya gudunka, motar ta dawo sumul kamar yanzu aka wanko ta. Sai a Gran Turismo 5 na 2010 aka fara ganin tabo a jikin mota. Na rubuta "tsarin lalacewa" amma bai kwanta mini ba.

Ɗan Gareji: Wa alaikumus salam. Ba zai kwanta ba ai. Motar da aka ajiye shekara uku a ƙofar gida kaji na ƙwai a ciki, ita ma ta lalace, alhali ko kuda ba ta daka ba.

Mai Fassara: Kwaikwayon ɓarna fa?

Ɗan Gareji: Ɓarna sai da mai yin ta. Mai sauraro zai zaci yara ne suka fasa gilashi.

Malamin Hausa: Ku daina wahalar da kanku. Tushen yana hannunmu: lotsa, lotse, lotsu. Daga nan na gina "lotsau". Gajeriya ce, tana da daɗin faɗa, kuma ba aro ba ce. A ce wasan nan lotsau ɗinsa mai kyau ne. Shi ke nan.

Mai Fassara: Malam, da girmamawa, wannan gini ai na mutum ne mai ɗabi'a: mantau, makarau. In na ji lotsau, direban da kullum sai ya lotsa bamba zan hango.

Ɗan Gem: Kuma lotsewa rabin labarin ce. Abu biyu ne a wasannin nan. Akwai na ido: fenti ya ƙarce, fitila ta fashe, ƙofa ta lotse, amma motar na gudu kamar ba a yi komai ba. Akwai na aiki: lagireto ya fashe inji ya ɗau zafi, giya ta ƙi shiga, taya ta karkace. Tun wasan Colin McRae Rally na 1998 ana ba ka ƙayyadadden lokaci tsakanin zango da zango ka zaɓi abin da za a gyara, kuma mai hankali giya da birki yake fara zaɓa. Lotsau ba ta ɗauki wannan ba.

Malamin Hausa: Ma'ana faɗaɗa take yi, ɗana. Jirgi a ruwa ya fara, yau ga na ƙasa ga na sama. Wa ya ce sai ya jiƙe kafin a kira shi jirgi? Ku ba lotsau shekara biyu ku gani.

Mai Shirin Fasaha: Malam, awa ashirin gare ni, ba shekara biyu ba.

Ɗan Gem: Bari in ƙara dagula muku lissafi. A wasan BeamNG.drive, wanda wani kamfani a Bremen ta Jamus ya yi, ba a zana lotsewar tun da wuri a ajiye ba. Motar gaba ɗaya ɗigo-ɗigo ce da aka haɗa da sanduna, kamar firam ɗin rumfar biki. Kowace sanda tana da iyakar nauyin da za ta ɗauka kafin ta lanƙwashe, da inda za ta karye, kuma ana sabunta lissafin sau 2000 a daƙiƙa guda. Shi ya sa karo biyu ba sa zama iri ɗaya. Ku lura kuma, motocin cikinsa duk na ƙirƙira ne, haka na Burnout Paradise na 2008. Kamfanin da ya ba da lasisin sunan motarsa ba ya son a ga ɗakin direba ya murƙushe a allo. Wanda ya ƙirƙiro motarsa kuwa ba mai hana shi ragargaza ta.

Ɗan Gareji: To ai motocin yanzu na gaske ma haka suke, ka taɓa su su yamutse kamar gwangwanin madara.

Ɗan Gem: Oga, da gangan ne. Gaba ya yamutse ya shanye bugun, ɗakin mutane ya tsira. Injiniya Béla Barényi ya kawo dabarar a Mercedes, ta shiga motocinsu a 1959. Wasan da ya kwaikwayi gaskiya dole gaban ya cukuikuye a haka.

Yaron Kanti: Ni fa ban ga abin jayayya ba. Ku shiga kowane gidan gem, "damej" yara ke cewa. A rubuta damej a wuce wurin.

Malamin Hausa: To ga irin ta nan! Haka aka yi mana da kwamfuta. An ba mu na'ura mai ƙwaƙwalwa, lalaci ya sa muka yar. Harshen da ake koyarwa har digiri na uku, a ce ya rasa kalmar lotsewar mota sai ya je bara? Wannan raina kai ne.

Yaron Kanti: Malam, motar da kake hawa sunanta mota, tana da birki da sitiyari da taya. Wanne ne kakanninmu suka bar mana?

Malamin Hausa: Waɗancan sun shigo lokacin da ba a tambaye mu ba. Wannan ana tambayarmu.

Ɗan Maraɗi: Ni ba don kishi ba, amma in kuka sa damej kun bar mu a baya. Mu nan Faransanci kanikawanmu ke gauraya wa, ba Ingilishi ba. Shirin na zuwa har wajenmu ko iyakarsa Kano?

Yaron Kanti: Kullum sai an jawo Kano. Wa ya ambaci Kano yanzu?

Ɗan Maraɗi: Ba a ambata ba, amma kullum abin da aka faɗa a can shi ake kira daidaitacciya.

Mai Fassara: Don Allah mu dawo kan mota. Bawan Allah nan yana da shiri gobe.

Tsohon Direba: Ina karanta ku tun ɗazu, jikana ne ya nuna mini wurin. Ban san wasanku ba, amma na yi shekaru ina jan mota. In aka jawo mota daga hatsari, ba mai cewa ta lotsu ko ta yi damej. Cewa ake ta ji jiki. Bodi ne, inji ne, ƙafa ce, duk ya shiga ciki. Kuma motar da aka ajiye a inuwa ba a cewa ta ji jiki.

Ɗan Gareji: Baba ya gama magana. Haka muke faɗa.

Ɗan Maraɗi: Mu ma haka.

Ɗan Gem: Kuma tana rabuwa biyu cikin sauƙi: jin jiki na ido, jin jiki na aiki. Tsohon Gran Turismo motarsa ba ta jin jiki. Ka ji yadda ta zauna.

Malamin Hausa: Wannan salon magana ne, ba keɓaɓɓiyar kalma ba. In aka ce wane yana jin jiki, rashin lafiya ake nufi. Za ku sa mai sauraro ya zaci direban ne ke kwance.

Mai Fassara: Sai a ce jin jikin mota. Inda na yarda da Malam shi ne rabin kalmar na biyu, wato "model", har yanzu ba mu taɓa shi ba. Tsari ne, lissafi ne, ko kwaikwayo? Ni lissafi nake gani, tunda shi ne ainihin abin da na'urar ke yi.

Ɗan Gem: Lissafi zai sa a zaci ƙirga kuɗin gyara ake yi. Tsari.

Mai Shirin Fasaha: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Zan tafi da "tsarin jin jikin mota", in faɗi na Turancin sau ɗaya a farko saboda 'yan gem. Irin na BeamNG kuwa zan bayyana shi da misalin rumfar nan kawai, don ban samo masa suna ba.

Malamin Hausa: Kalma huɗu a inda ɗaya ta isa. To, shirinka ne. Amma "na ido" da "na aiki" ɗin nan ba laifi. A gwada su da lotsau a ji.

Yaron Kanti: Ƙarfe nawa ake sa shirin?