Naman da na kyafa ya yi ɗaci, wane ice ya kamata in sa?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na sa mai walda ya yanka min durom, ya yi masa murfi da bututun hayaƙi, don in riƙa kyafa nama a bayan gida. Jiya na ɗora cinyar rago, awa 4 tana ciki, ta fito baƙi ƙirin, ga ɗaci har maƙogwaro. Yara ko taɓawa ba su yi ba. Reshen darbejiyar da muka sare makon jiya na sa, na kunna da kananzir. A YouTube 'yan Amurka icen hickory da na oak suke ta ambata, mu kuwa ina za mu same su? Ga babbar sallah ta matso.

Wani mai tsire:
Wa alaikumus salam. Malam, ɗanyen ice ne ya cuce ka, kuma darbejiya ko ta bushe ba ta dace da nama ba. Kananzir ma ka rabu da shi, warinsa ba ya fita. Gawayi shi ne zai riƙe maka zafi, ice don ƙamshi kawai ake sa shi. Ka nemi gawayin kirya ko na marke. Ka ɗaga ka ji nauyi, ka buga biyu ka ji sun yi ƙara kamar ƙarfe. Mara nauyi nan da nan yake zama toka. Sai ya kama ya yi ja, sannan ka ɗora guntun ice biyu kamar dunƙulen hannu. Hayaƙi fari mai kauri shi ne ɗacin nan. Ka jira ya zama siriri, shuɗi-shuɗi, kafin nama ya shiga.

Wata uwargida:
Ni gwaiba da mangwaro nake sa wa kaza da kifi, amma wanda ya yi wata 6 a bushe. Tsamiya ma tana da kyau ga naman sa. Don Allah kada ka kusanci guntayen katakon kafinta, akwai fenti da gam a jiki.

Wani ɗan uwa:
Kada ka toshe bututun sama, da ƙofar ƙasa ake rage iska. In kana da ma'aunin zafi, tsaya tsakanin digiri 110 da 120 a ma'aunin Celsius. Kuma tambaya: me aka zuba a durom ɗin a da?

Mai tambaya:
Man gyaɗa ne, Alhaji, kuma na ƙone cikinsa sosai. Na gode ƙwarai. Maƙwabcina yana da busasshiyar gwaiba, ranar Asabar zan fara gwadawa da kaza.