Neman kalma: me za mu ce wa kachi-koshi da make-koshi? Ƙarfe takwas zan shiga shiri

Ɗan Rediyo: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina cikin matsi. An ba ni minti shida a shirin wasanni na daren yau in yi bayanin gasar kokawar Japan, wato sumo, ta watan Mayun 2025 da ake yi a Tokyo. Yau Asabar rana ta 14 ce, gobe a rufe. Onosato ya riga ya lashe kofi tun jiya, kuma har yanzu ba wanda ya kai shi ƙasa, karawa 14 nasara 14. Wannan mai sauƙin faɗa ne. Inda na maƙale shi ne sauran 'yan kokawar. A babban rukuni kowa na karawa sau ɗaya a rana har kwana 15. Wanda ya ci 8 ko fiye sai a ce ya yi kachi-koshi, galibi matsayinsa zai ƙaru a gasa ta gaba. Wanda aka ci sau 8 ya yi make-koshi, ƙasa zai yi. Masu bin wasan nan kullum wannan lissafin suke yi, don kofi mutum ɗaya ke ɗauka a cikin 42. Me zan kira su?

Uwar Fassara: Wa alaikumus salam. Rinjaye. Ya samu rinjaye, an rinjaye shi. Ka wuce gaba.

Na Kantin Kwari: Riba da faɗuwa mana. Wanda ya ci bakwai aka ci shi bakwai uwar kuɗi ya mayar. Na takwas ɗin shi ne riba. Ba ɗan kasuwar da zai tambaye ka fassara.

Ɗan Rediyo: Anti, na gwada rinjaye a bakina ɗazu, sai na ji kamar sakamakon zaɓe nake karantawa. Kuma mai sauraro zai zaci karawa guda ake nufi, wane ya rinjayi wane. Riba ta fi kusa, amma ina tsoron a ɗauka kuɗin lada nake magana, tunda akwai ambulan ɗin kuɗi da alƙalin wasa ke miƙa wa wanda ya ci wasu karawar.

Tsohon Malami: Yaro, ku daina yawo a bayan gida alhali ƙofa a buɗe take. Hausa tana ƙera aikatau daga suna tun kafin a haifi kakanninmu. Tsoro ya ba mu tsorata, gajere ya ba mu gajarta, Hausa kanta ta ba mu hausanta. To takwas me ya hana ta ba mu takwasta? Ya takwasta, wato ya ci takwas ɗinsa. Wanda kuma aka yi wa takwas, ya takwastu, kamar yadda muke cewa ya bugu, ya daku. Kalma ɗaya, fuska biyu, ba aro ba bashi. Shekara talatin da biyu ina koyar da nahawu, ban taɓa ganin gurbin da ya zauna daram irin wannan ba.

Na Kantin Kwari: Baba, wallahi ya takwastu ta ba ni dariya har yaron shagona ya leƙo.

Uwar Fassara: Allah ya gafarta Malam, ginin ya yi daidai, ba mai ja da kai a nan. Amma rediyo ne. Tsakanin takwasta da takwastu wasali ɗaya ne tak, a ƙarshen kalma, inda murya ke faɗuwa. Mutum na teburin mai shayi, janareta na ruri, ya ji an ce wane ya takwast... sai ya juya ya tambayi na kusa da shi: ci ya yi ko cin sa aka yi?

Tsohon Malami: Sai mai gabatarwa ya buɗe bakinsa da kyau. Aikinsa ke nan.

Ɗaliba a Osaka: Baba Malam, a yi mini afuwa, ni ƙaramarku ce a nan, amma akwai matsalar da ta fi ta wasali. Takwas ɗin ba na kowa ba ne. Rukunai biyu na sama ne kawai ke karawa sau 15. Rukunai huɗu na ƙasa sau 7 suke yi a cikin kwana 15 ɗin, kuma a wurinsu wanda ya ci 4 ya yi kachi-koshi. Kalmar ba ta ɗauke da lamba. Kachi nasara ce, make shan kaye, koshi kuma daga aikatau ɗin ƙetarewa ne, wuce wani abu. Wato nasararka ta ƙetare faɗuwarka.

Na je gasar watan Maris a nan Osaka. Tsohon da ya zauna gefena yana riƙe da takarda mai sunayen 'yan kokawa a jere, gaban kowane suna ƙananan da'irori. Fara nasara, baƙa faɗuwa. Ana gama karawa sai ya sunkuya da fensirinsa ya cike gurbin ranar. Wani da ya ci na takwas ɗinsa a ranar, tsohon nan bai yi ihu ba, ajiyar zuciya kawai ya yi, irin wadda uba ke yi in an ce ɗansa ya haye jarrabawa. Shi ya sa nake ganin haye. Ya haye.

Na Kantin Kwari: To Baba, na ƙasan sai mu ce sun huɗunta?

Tsohon Malami: Kai, ka kiyaye ni. 'Yata, na ji hujjarki, amma shi wannan yaron a kan babban rukuni zai yi magana, ba a kan 'yan koyo ba. Kuma haye ta yi yawa a gari. Ɗan makaranta ya haye, ɗan takara ya haye, wanda ya auri 'yar mai kuɗi ma ya haye. Kalmar da ke hidimar kowa ba ta hidimar kowa.

Badamagare: Ni abin da ya ban mamaki, mutane goma sun taru suna zufa a kan kokowar wasu, alhali tamu na nan. Tun 1975 da aka fara a Tawa muke gasar takobi a Nijar, jihohi takwas na kawo ƴan kokowarsu, ƙasa duka ta tsaya cik. Sau nawa gidan rediyonku ya ba ta minti shida? Kuma ina gargaɗi tun yanzu, kada in ji an kira wani mai tumbi sarkin kokowa. Wannan suna yana da masu shi. Issaka Issaka na Doso ya ɗau takobi ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kuma kowace shekara sai ya sake shiga fage kamar kowa.

Na Kantin Kwari: Kokawa dai, ɗan'uwa. Da a.

Badamagare: Ku da sai dambe kuka iya za ku koya mana sunanta?

Ɗan Rediyo: Don Allah jama'a, ƙarfe biyar ta wuce. Amma Yaya Badamagare ya taɓo inda nake shirin zuwa, don dole in ambaci yokozuna, matsayi mafi girma a sumo. Gobe Onosato zai kara da Hoshoryu, wanda aka ba wannan matsayi a watan Janairu, kuma kowa na cewa shi ma Onosato za a ba shi bayan gasar nan, tunda ya ci ta Maris ya ci wannan a jere. Da sarkin kokawa na rubuta.

Ɗaliba a Osaka: Yaya Badamagare yana da gaskiya ta wani gefen, ko da ba gefen da yake nufi ba ne. Sarkin kokowa na Nijar wanda ya ci gasar bana ne, baɗi wani na iya karɓe takobin. Yokozuna kuwa ba a sauke shi. Ko ya yi make-koshi yana nan a matsayinsa, sai dai in abin ya ƙi, kunya da matsin jama'a su sa shi yin murabus. Kuma ana iya samun biyu ko uku a lokaci guda, ko a rasa gaba ɗaya. Hakuho, ɗan Mongoliya, ya ci kofi 45 kafin ya ajiye a 2021, amma a gasar da wani ya ci kofi ma Hakuho yokozuna ne. Asalin sunan daga farar igiyar nan mai kauri ne da yake ɗaurawa a ƙugu lokacin bikin shiga fage.

Batun me ya haɗa mu da su kuwa, an taɓa yin ɗan Masar a babban rukuni, Osunaarashi, Musulmi, yana karawa da azumi a bakinsa. Ya bar wasan a 2018.

Na Kantin Kwari: Sarkin da ba a tuɓe wa rawani? Lallai ba a ƙasar Hausa yake ba.

Uwar Fassara: Kai dai ka bar wannan kafin a rufe mana zaure. Ɗan Rediyo, bar yokozuna yadda take. Suna ne na muƙami, kamar yadda ba ma fassara Fafaroma. Ka faɗe ta sau ɗaya ka ce matsayi mafi girma, wanda ba a sauke mai shi, shi ke nan.

Tsohon Malami: Ga irinta nan. Yau a bar yokozuna, gobe a bar ozeki mai bi masa a matsayi, jibi shirin gaba ɗaya ya koma Japananci da ɗan gishirin Hausa a kai. Muna da gagarabadau. Muna da waziri, galadima, madaki, duk a jere kamar nasu. Da magabatanku a gidajen rediyo sun yi irin wannan lalaci, da yau ba mu da bugun daga kai sai mai tsaron gida. Wani ne ya zauna ya ƙera ta, aka yi masa dariya, yau yaro ɗan shekara bakwai ya san ta.

Uwar Fassara: Malam, ta zauna ne don tana bayyana kanta. Wanda bai taɓa kallon ƙwallo ba in ya ji daga kai sai mai tsaron gida ya ga hoton a idonsa. Takwastu sai an tsaya an yi darasi. Kuma in ya ce waziri ya tura galadima waje, gobe sai an kira shugaban tasharsu fada.

Badamagare: Tura waje? Wato ba a ma kayar da mutum?

Ɗaliba a Osaka: Ana kayarwa, amma hanyoyi biyu da aka fi cin wasa da su duk fitarwa ce daga da'ira, ko dai a riƙe ɗamarar mutum a tafi da shi, ko a bangaje shi da tafin hannu. Da'irar mita 4.55 ce faɗinta. Ɗan yatsan ƙafa ya taɓa waje, an gama. Don haka Yaya Ɗan Rediyo, ka gyara wurin da ka ce ba wanda ya kai shi ƙasa. Ka ce ba wanda ya ci shi.

Badamagare: Ashe ture ne. A kira shi wasan ture a huta.

Ɗan Rediyo: Na gyara, na gode ƙanwata. Saura ɗaya. Ozeki, mai bin yokozuna, in ya yi make-koshi sau ɗaya ba a sauke shi, sai a ce yana kadoban. In ya sake a gasa ta gaba ya sauka.

Na Kantin Kwari: Saura igiya ɗaya.

Uwar Fassara: Wannan kam ba mai musu. Ko Malam ba zai ja ba.

Tsohon Malami: Ban ja ba. Amma ku lura daga cikin gida ta fito, ba daga Tokyo ba.

Badamagare: Tunda kun nace, in dai haye za ku ɗauka, to ku bi ta har ƙarshe. Wanda bai haye kogi ba nutsewa ya yi. Ya haye, ya nutse. Masu bakwai da bakwai da za su shiga gobe kuma suna tsakiyar ruwa.

Ɗan Rediyo: Tsakiyar ruwa! Wannan na ɗauka, don su ne labarin gobe. Mutum ya yi kwana 14 yana fama, komai ya rataya a kan karawar da wani lokaci ba ta kai daƙiƙa biyar ba.

Uwar Fassara: Tsakiyar ruwa ta yi. Nutse ce ban yarda da ita ba. Wanda ya ƙare da 7 da 8 ɗan taki kaɗan zai sauka, wata biyu ya dawo ya gyara. Nutse ta dace da mai 2 da 13. Ko Terunofuji da ciwon gwiwa ya gangaro da shi daga ozeki har rukuni na biyu daga ƙasa bai nutse ba, ya dawo ya ci kofi a 2020, ya zama yokozuna a 2021. Kada ka kashe mutum da ransa.

Badamagare: Anti, wanda ruwa ya ci a bakin gaɓa da wanda ya ci a tsakiya duk jiƙaƙƙu ne.

Ɗan Rediyo: Bakwai da kwata, na tafi. Abin da ke takardata: ya haye, suna tsakiyar ruwa, saura igiya ɗaya, yokozuna yadda take. Make-koshi zan ga abin da bakina ya kawo.

Ɗan Rediyo: Na fito. Haye ta tafi sumul, abokin aikina har ya maimaita ta da kansa ba tare da na ce masa komai ba. Da na zo kan ɗayar sai na ji kaina na ce hayewa ta gagare shi a wannan karon. Doguwa ce, na sani. Mutum ɗaya ya bugo waya, tambayarsa kuma me suke ci suke yin wannan ƙiba.

Tsohon Malami: Na saurara. Muryarka ta fita, ba laifi. Hayewa ta gagare shi kalma huɗu ce a inda ɗaya ta isa, amma ku ne masu makirufo. Na rubuta takwasta a littafina da kwanan watan yau. Yaushe ne gasa ta gaba?

Ɗaliba a Osaka: Watan Yuli, Baba, a Nagoya.

Tsohon Malami: To a sa ni a zauren tun ranar farko, ba rana ta 14 ba.