Yaya zan riƙa ɗaga Hajiya ba tare da na illata bayana ba?

Maman Sadik:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata huɗu ke nan da surukata ta samu shanyewar ɓarin jiki, ɓangaren dama. Ni ce a gida da ita, maigidan tun safe yake fita kasuwa. A ƙasa take kwana kan katifa, don ta ce tana tsoron faɗowa daga gado. Sau biyar ko shida nake ɗaga ta a wuni: wanka, banɗaki, fitowa tsakar gida shan iska. Yadda nake yi, sai in sunkuya in zura hannuwana ƙarƙashin hammatarta in ɗago, ita kuma ta maƙale wuyana da hannun mai lafiyar. Shekaranjiya ina cikin ɗagowa na ji ƙuguna ya ce ƙas, yanzu ko ruku'u sai da dabara. Ita ma ta fara kukan kafaɗa. Ba na son in gaya wa maigidan a ga kamar na gaji da jinyar mahaifiyarsa. Don Allah masu sani a taimaka min.

Baƙuwar Ingila:
Wa alaikumus salam. Sannu Maman Sadik, Allah ya ba Hajiya lafiya. Aikin kula da tsofaffi nake yi a nan Ingila, kuma wannan ɗagawar ta hammata ita ce abu na farko da aka hana mu ranar horo. Hannun da ya shanye ba shi da ƙarfin riƙe mahaɗar kafaɗa, kina ja tana iya gocewa. Maƙale wuyan kuma ki daina yau ɗin nan, nauyinta duka a gadon bayanki yake sauka.

A nan tun 1992 akwai dokar ɗaukar nauyi a wurin aiki. Wanda ba ya iya tsayuwa, na'ura ce ke ɗaga shi cikin wani abu kamar majanyi, ita kanta na'urar duk wata 6 sai an duba lafiyarta. Na san ba ki da wannan a gida, amma katifar ƙasan ce babbar matsalarki. Ki lallaba ta a koma gado, a jingina shi da bango, tsayinsa daidai yadda in ta zauna tafin ƙafarta zai taɓa ƙasa. Ki fara juya ta kan gefenta, ki sauko da ƙafafun, sannan ta tashi zaune. Ki bar ta ta ɗan huta saboda jiri. Kujerar da za ki zaunar da ita ki ajiye ta ta hagu, ɓangaren mai lafiya, in keken marasa lafiya ne ki danne birki. Ki matso jikinta sosai, ki ware ƙafafu, ki lanƙwasa gwiwa ba baya ba, ki riƙe ta ta ƙugu. Ku ƙirga tare, ɗaya, biyu, uku, ita ta dafa katifar ta tura. Wajen juyawa ki taka da ƙafa, kar ki murɗa ƙugu. In ƙafar mai lafiyar ma ba ta ɗaukarta, to ba aikin mutum ɗaya ba ne sam.

Inna ta Fagge:
'Yata, wace kunya kuma? Shekara uku na yi ina jinyar mijina, har yau da ciwon bayan nake kwana. Gaya masa kawai. Ya yi mata ɗagawar safe kafin ya fita, a samo ƙannensa su riƙa karɓarki. In kika kwanta ke ma, wa zai ɗaga ku ku biyun?

Ɗalibin fisiyo:
Anti, ƙarin bayani kaɗan. In ta sulale tana shirin faɗuwa, kar ki ce sai kin tare ta. Ki kare kanta, ki bar ta ta zame a jikin ƙafarki har ƙasa, sannan ki kira wani. Ki riƙa sauya mata kwanciya kamar duk awa 2 saboda gyambon kwanciya, ki sa filo ƙarƙashin hannun daman. Kafaɗar tata a nuna wa likitan fisiyo, wato likitan gashin ƙashi da motsa gaɓɓai. Ke kuma in kika ji ciwon yana sauka ƙafa da ƙarfi, ko ƙafar ta yi sanyi ba ƙarfi, ko fitsari ya fara ƙwace miki, asibiti a ranar, ba man zafi ba.

Maman Sadik:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yi masa maganar jiya da daddare, har faɗa ya yi min don ban faɗa da wuri ba. Ƙanwarsa za ta riƙa zuwa da rana. Gadon ne Hajiya har yanzu ta ce sai ta yi shawara.