Ta ina za a fara sauraron Van der Graaf Generator? Taƙaitawar abin da aka tattauna

Ga abin da na tattaro daga doguwar muhawarar da muka yi kan wannan ƙungiyar mawaƙan rock ta Ingila, wadda mawaƙinta Peter Hammill da abokinsa suka kafa a Jami'ar Manchester a 1967.

1. Kowa ya yarda kiɗansu ba na biki ba ne. Mutuwa, kaɗaici da taɓin hankali su ne jigon waƙoƙinsu, kuma ba jita ce ke jan ragamar kiɗan ba. Ogan (abin kiɗa mai kama da piyano) na Hugh Banton ne, da saksofon (wani abin busa) na David Jackson, wanda yakan busa guda biyu a lokaci ɗaya.

2. Mafi yawa sun ce sabon shiga ya fara da faifansu mai suna Godbluff na 1975, wanda suka yi bayan rabuwarsu ta 1972. Waƙoƙi huɗu ne kacal, ba kwana-kwana.

3. A kan faifan Pawn Hearts na 1971 ra'ayi ya rabu. Wasu sun ce shi ne ƙololuwar aikinsu, don har ya zama na ɗaya a jerin faya-fayen da aka fi saye a Italiya alhali a gida ba a kula su ba. Wasu kuma suka ce waƙarsa mai minti 23 kan mai gadin fitilar teku za ta kori baƙo tun daga ƙofa. Ni ina tare da na biyun.

4. Muryar Hammill ma ta raba kawuna: yanzu raɗa, an jima kururuwa. Shawara ita ce a buɗe baitocin ana karantawa yayin sauraro.

5. Sun sake watsewa a 1978, suka dawo a 2005. Faya-fayen bayan dawowar, a bar su sai kunne ya saba.